Yadda Ake Haɗa Waƙar Tunawa da Suruki Alhali Mawaƙan Suna Warwatse

Suruki ba mutum ba ne da ake zama a gabansa a buɗe masa ciki. Ka cire takalmi tun daga bakin zaure, ka durƙusa, ka gaida shi kanka a sunkuye, ka tashi. Shekaru su yi ta wucewa a haka, har ranar da za a buga maka waya da asuba a ce ya cika. Sai ka tarar da maganganu fal a ranka waɗanda kunya ta hana ka faɗa masa. Waƙa hanya ce ta fitar da su, kuma ba sai kana mawaƙin sana'a ba, ba sai kana da kuɗin situdiyo ba. Mu da muka yi wa Baba, mahaifin matata, tasa, babu wanda kiɗa ke ciyarwa a cikinmu. Ni malamin makaranta ne a nan Maraɗi, mai gurminmu direba ne a Arlit, mai fiyano yana karatu a Yamai, mai ƙwarya yana kasuwa a Kano, ƙanin matata kuma yana Kwatano. Har aka gama ba mu taɓa haɗuwa a ɗaki ɗaya ba.

Abu ɗaya ka cire a ranka tun yanzu: ba a yin kiɗa tare ta kiran waya ko kiran bidiyo. Sauti yana ɗaukar lokaci kafin ya isa, kuma jinkirin da ya wuce kashi 30 cikin 1000 na daƙiƙa ya isa ya karkatar da makaɗa, alhali jinkirin kiran intanet ya ninka haka sau da yawa. Hanyar da ke aiki ita ce kowa ya ɗauki nasa shi kaɗai a kan ma'auni ɗaya, daga baya a jera.

Fara daga gidan mamacin

Kafin ka rubuta ko ɗango guda, nemi izini. Ubanka ne ta aure, amma akwai waɗanda suka fi ka kusa da shi. Kuma ba kai za ka tsaya gaban surukarka ka kawo zancen ba. Matarka ta kai wa babban wanta, shi ya kai wa Inna. Idan ke ce kika rasa uban miji, maigidanki ne zai ɗauki maganar.

A Maraɗi wannan mataki ya fi duk sauran nauyi, domin a gida ɗaya za ka samu mai ganin kiɗa haramun ne da mai ganin babu laifi, dukansu kuma ƴaƴan mamacin ne. Kada ka buɗe muhawarar addini a gidan da ake cikin rashi. Ka je da zaɓi a hannu: waƙa da kayan kiɗa, ko waƙa da ƙwarya da tafi kaɗai, ko murya zalla yadda ake rera rubutacciyar waƙa. Yi wa mamaci marsiyya tsohon abu ne a wurin malamanmu. Nana Asma'u ƴar Shehu ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello bayan rasuwarsa a 1837. Saboda haka ko gidan da ba a son kiɗa, da wuya a ƙi baitoci na addu'a da ambaton alheri. A nan ne kuma za a yanke ko muryar mata za ta shiga. Abin da gidan ya zaɓa shi za a bi. In sun ce a'a gaba ɗaya, ka bari, kuɗin da ka tanada ka yi masa sadaka da shi.

Lokaci ma yana da nasa ladabi. Ba a tayar da wannan zance a sadakar uku ko ta bakwai. A bar arba'in ta wuce. Matansa suna takaba wata 4 da kwana 10, kuma wannan tazara ta ishe ku aiki a natse. A ajiye fitar da waƙar sai sun fita.

Tattara mutumin kafin ka tattara kalmomi

Waƙoƙin ta'aziyya da yawa suna mutuwa ne a wuri ɗaya: "mai haƙuri, mai kyauta, mai son zumunci." Duk gaskiya ne, amma da wannan za ka iya yabon kowane dattijo daga Tibiri har Madarunfa, babu wanda zai ji ya ce wannan ai wane ne. Maganin haka shi ne ka nemi ƴan'uwa su turo maka saƙon murya ta WhatsApp, kowa minti ɗaya ko biyu. Kada ka ce musu su faɗi halinsa. Ka tambaye su wace kalma ce ba ta barin bakinsa, me yake yi tsakanin asuba da hantsi, me ya taɓa yi musu da babu wanda ya sani, yaya yake idan ransa ya ɓaci. Tambayi jikoki, tambayi yaron shagonsa, tambayi maƙwabta.

Baba fataken gyaɗa ne tun yana saurayi, daga baya ya koma hatsi. Abin da ni na sani game da shi ɗan kaɗan ne, irin wanda suruki ke gani daga durƙuso: yadda yake ɓare goro da farcen babban yatsa ya miƙa wa yaro ɓarin da ya fi girma, da yadda ba ya barina in daɗe a ƙasa sai ya ce, "Tashi haka nan, ɗana, ƙasar da zafi." Amma wata tsohuwa maƙwabciyarsu ta aiko da saƙon da ya girgiza gidan. Ta ce a yunwar 2005 yakan aika almajiri da tiyar gero bayan isha'i, ya ce a ajiye a bakin ƙofa a taho, kada a yi sallama, don kada mai karɓa ya ji kunya. Ko matansa ba su san da wannan ba. Irin wannan ake nema. Da tambaya ɗaya ta gaba ɗaya ba za ta taɓa fitowa ba.

Ka saurari saƙonnin duka da takarda a hannu, ka fitar da abu biyar ko shida. Abin da ya shafi sirrin gida, rabon gado, ko wani saɓani, a bar shi inda yake.

Mutane da ƙa'ida

Mutum huɗu zuwa shida sun isa. Buɗe zaure na WhatsApp na masu aikin kaɗai, daban da na dangi, don in an haɗa su ra'ayi zai yi yawa har aikin ya tsaya. A naɗa mutum ɗaya mai yanke magana, wani kuma mai haɗa sauti, wanda yake da kwamfuta ko waya mai ƙarfi. A faɗi tun ranar farko cewa babu kuɗi a ciki, kuma wa zai sayi forfe, wato kuɗin intanet na waya, ga wanda ba shi da hali. A sa wa kowane mataki rana. In akwai na ƙetare a lura da agogo: Kano, Kwatano da Tamanrasset lokacinmu ɗaya, Abijan tana bayanmu da awa guda, Libiya tana gabanmu da awa guda, Makka da awa biyu.

Rubutun waƙar

Fara da amshi, shi ne gindin waƙa, shi mutane za su riƙe. Ya zama gajere, ya zama addu'a, ya zama da alamar da ke nuna shi. Namu ga shi:

*Allah jiƙan Baba mai zaure,*
*Ba mu ƙarfin da za mu daure.*

Ƙirga gaɓoɓin: tara-tara ne. Duk ɗangon da zai biyo baya ya tsaya kusa da wannan tsawo, in ba haka ba mai rerawa zai riƙa haɗiye kalmomi ko yana ja musu wuya. Amsa-amon ma ya tsaya a kan sauti ɗaya:

*Ran da aka je biɗar aure,*
*Fuska a sake, ba a ɗaure.*

Kowane baiti ya ɗauki abu guda daga cikin jerin da ka fitar. Baiti shida zuwa takwas da amshi a tsakani zai ba ka kamar minti biyar, kuma ya isa. Ka rera kowane ɗango da baki kafin ka amince da shi, don karin harshe: in muryar waƙa ta hau a inda kalma ke sauka, ma'ana tana iya juyewa, kuma kunnen Bahaushe ba ya yafe wannan.

Ka yi hattara da amsa-amo, yana jan mutum ya faɗi abin da bai faru ba. Da aka zo baitin yunwa, wani ya kawo "shekarar da ake cin ɓaure," ya zauna daram a kan kari. Da matata ta karanta wa Inna, sai ta ce, "Anza aka ci, ba ɓaure ba." Aka sake baitin. Waɗanda suka rayu da shi ne za su fara ji, kuma ƙarya ɗaya za ta sa su daina yarda da sauran.

Abu biyu kuma a kiyaye. Kada waƙar ta koma kururuwa da ƙorafi a kan hukuncin Allah, domin addini ya hana wannan. Kuma kada a yanke masa Aljanna, a roƙa masa ita. Sunansa kuwa, in kunya ba ta bar ka ka kama shi ba, ka ba wa ɗaya daga cikin jikoki ko abokan aikin wannan ɗangon.

Jagora: matakin da komai ya rataya a kansa

Jagora ɗauka ce ta farko, ba mai kyau ba, wadda kowa zai sa a kunne ya bi. Ita ce kamar igiyar da magini ke ja kafin ya jera bulo: ba ta shiga cikin ginin, amma in ta karkace kowane layi ya karkace.

Da farko a tsayar da saurin waƙar. Sauke kowace manhaja ta Metronome kyauta, ko ka yi amfani da wadda ke cikin BandLab, manhajar ɗauka da haɗa sauti. Tana buga ƙwas-ƙwas daidai gwargwado, kana zaɓar bugu nawa a minti. Waƙar tunawa takan zauna tsakanin 70 da 85. Rera amshin a kan 72, sannan 78, sannan 84, ka ji inda numfashinka ya sake. Da an zaɓa an zaɓa, a rubuta lambar a zaure.

Na biyu, tsayin murya. In akwai gurmi, molo ko garaya a cikin aikin, shi ne sarki. Fiyano da gita suna da ma'auninsu na duniya, gurmi kuwa makaɗi ne ke ɗaure tsirkiyarsa da kunne, kuma fatarsa tana miƙewa ko ta saki gwargwadon zafi da laima. Saboda haka mai gurmi ya ɗaure kayansa daidai da muryar mai waƙa, ya kaɗa kowace tsirkiya ita kaɗai na daƙiƙa biyar, ya turo. Mai fiyano ya nemo sautin, in ya faɗo tsakanin maɓallai biyu ya ɗan matsar da ma'aunin fiyanon, ko mai gurmi ya matsa kaɗan ya same shi. A yi wannan sulhu kafin a ɗauki komai. In aka bar shi sai wajen haɗawa, babu manhajar da za ta gyara shi ba tare da ta ɓata amon gurmin ba.

Yanzu ɗauki jagorar. Bugun Metronome yana tafiya a fili, ka bar shi ya buga takwas, a kan na tara ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, ka bar wasu takwas su wuce, sannan ka shiga waƙar daga farko har ƙarshe. Inda gurmi zai yi nasa shi kaɗai, ka faɗa da baki: "gurmi, bugu goma sha shida." A ƙarshe ka sake barin bugu takwas, ka sake tafawa sau ɗaya. Waɗannan tafi biyu su ne ƙusoshin aikin. Duk wanda zai ɗauki nasa dole ya tafa tare da su, na farko da na ƙarshe. Da na farko mai haɗawa zai jera sautukan. Da na ƙarshe zai gane ko wayar wani ta ɗan zame, domin wayoyi biyu ba sa ƙirga lokaci daidai ɗari bisa ɗari, kuma a minti biyar bambancin yana iya fitowa.

Bayan an tura jagora ba a ƙara baiti, ba a rage. Duk mai gyara ya faɗa kafin nan.

Ɗaki, waya da kunne

Ɗakin ƙasa mai katifa da labule da kayan sawa a rataye ya fi falon siminti mai tayil nesa ba kusa ba. Siminti da kwano suna mayar da murya, ta fito da amsa-kuwa wadda ba ta cirewa. In ɗakin siminti kake da shi, jingina katifa a bango, ka rataya bargo a bayanka, ka shimfiɗa darduma. Tafa hannu ka saurara: in ka ji ƙarar ta ja wutsiya, ƙara tufafi.

A kashe fanka, a cire firji in yana kusa. Lokacin da ya fi a gari irin namu shi ne bayan ƙarfe goma sha ɗaya na dare, sa'ad da kabu-kabu suka ragu, injin niƙa ya yi shiru. A watannin zafi wannan yana nufin za ka yi gumi, sai ka ɗauka baiti-baiti kana buɗe ƙofa a tsakani. Da damina a jira ruwa ya ɗauke daga kan kwano. Da hunturu maƙogwaro yana bushewa, a ajiye ruwan ɗumi kusa, mai gurmi kuma ya gama nasa a zama ɗaya, don in ya kwana ɗaurin ya canja.

Hanya mafi sauƙi ita ce waya biyu. Ɗaya tana kunna jagora ta ekutar (ƴar lasifikar kunne) a kunnenka, ɗaya tana ɗauka. Ekutar mai igiya, ba ta Bluetooth ba, musamman in waya ɗaya ce ke kunnawa tana ɗauka, domin Bluetooth yana makara kuma za ka yi ta bin bayan kiɗa ba ka sani ba. Kada ka ƙure ƙarar, in ba haka ba bugun Metronome zai zubo ya shiga makirufo. Cire kunne ɗaya don ka ji kanka. Wayar da ke ɗauka a sa ta a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse, a jingina ta a kan matashi, kada a riƙe a hannu. Tsakanin bakinka da makirufo, wanda ke ƙasan waya, ya zama taƙi guda, kuma ka ɗan karkatar da ita gefe don iskar "f" da "b" kada ta bugi makirufo. Gurmi a ba shi taƙi biyu daga fata. Ƙwarya da kalangu a ja baya kamu ɗaya ko fiye, su ne suka fi saurin fasa sauti.

Shiga saitin manhajar ɗaukar murya. In tana da abin rage hayaniya ko abin gyara magana, kashe shi, an yi shi ne don zance, yana ɗaukar amon tsirkiya a matsayin hayaniya ya cinye shi. Zaɓi inganci mafi girma, WAV (fayil ɗin sauti da ba a matse ba) in akwai, kuma kowa ya tsaya a lamba ɗaya, 44.1 ko 48 kHz. Kafin ka fara ka yi shiru na daƙiƙa biyar wayar tana ɗauka, mai haɗawa zai buƙaci wannan shirun. Gwada wurin da muryarka ta fi ɗagawa, ka saurara. In ta fashe, ja baya. Sautin da ya yi ƙasa ana ɗaga shi, wanda ya fashe kuwa ya tafi ke nan.

Wanda rezo ɗinsa ke da ƙarfi yana iya yin komai a cikin BandLab: a buɗe aiki ɗaya, a gayyato kowa, kowa ya hau layinsa. Kyauta ce kuma tana kan Android da iPhone. Amma tana cin mega kuma tana wahalar da ƙaramar waya, don haka ba na ba da shawarar a tilasta ta ga kowa.

Ɗauki kowane ɓangare sau uku, ka tura biyun da suka fi. Idan muryarka ta karye a wani ɗango don kuka ya zo, kada ka goge. Tura ta tare da wadda ka daure, a zaɓa daga baya.

Turawa

Kada a tura ta maɓallin saƙon murya na WhatsApp. Yana matse sauti ya zubar da rabin daɗinsa. A tura fayil ɗin a matsayin takarda, ta wurin alamar maƙala, haka zai isa yadda aka ɗauke shi. WAV mai layi ɗaya yana cin kusan mega 5 a minti, wato waƙar minti biyar kusan mega 26 ga kowane mutum. A sa wa fayil suna mai ma'ana: gurmi_2_bugu78, amshi_Kwatano_1. Mai haɗawa ya kwashe su daga waya a ranar, ya zuba a Google Drive, wanda ke ba da giga 15 kyauta.

Wa ke fara shiga

Ba a sakin kowa lokaci guda. Mai ƙwarya ko kalangu ya fara a kan jagora. Mai haɗawa ya ɗora nasa a kai, ya turo sabuwar jagora. Sai gurmi, sai fiyano in akwai, shi kuma ya yi ƙasa-ƙasa, aikinsa shimfiɗa ne kawai. Sannan mai waƙa ya ɗauki muryar gaske a kan kiɗan da ya riga ya zauna. Ƴan amshi su biyo bayansa don su ji inda yake numfashi. Mutum uku in kowa ya rera amshi sau biyu, an samu murya shida. Na ƙarshe su ne ado: sarewa, tafi, muryar jikoki a amshin ƙarshe.

Haɗawa

Manhajar haɗa sauti ta Audacity kyauta ce a kwamfuta kuma ta isa wannan aiki. Jawo fayilolin duka, kowane a layinsa. Ƙara girman hoton sautin har ka ga tafin farko a tsaye kamar tsinke, ka ja kowane layi har tsinkayen su hau kan juna. Je ƙarshe ka duba tafi na biyu. Layin da ya zame, yanka shi a wurin shiru tsakanin baitoci ka matsar da shi kaɗan. Sannan ka kashe jagorar.

Nuna wa abin rage hayaniya shirun nan na daƙiƙa biyar, ka rage da sauƙi; in ka matsa, murya za ta koma ta cikin ruwa. A kan muryoyi yanke duk abin da ke ƙasa da 80 zuwa 100 Hz, gurnani ne kawai. Daga nan ka sauke komai ƙasa, ka ɗaga muryar mai waƙa ita kaɗai, sannan ka shigo da sauran ɗaya bayan ɗaya. Ma'aunin ɗaya ne: tsohuwa mai shekara saba'in ta ji kowace kalma ba tare da ta ce a maimaita ba. Duk kayan kiɗan da ya rufe kalma a sauke shi. Murya da ƙwarya a tsakiya, gurmi ɗan hagu, fiyano ɗan dama, ƴan amshi a raba su gefe biyu. Amsa-kuwa ɗan kaɗan, iri ɗaya ga kowa, shi ke sa a ji kamar a ɗaki ɗaya aka zauna.

Abin nan da ke miƙe murya ya mayar da ita ta ƙarfe, wanda ya cika waƙoƙin zamani, ni ban yarda a sa shi a nan ba. Inna tana son ta ji muryar ɗanta da ke Kwatano yadda ta san ta, da rawarta da komai.

Wataƙila akwai muryar mamacin a wayar wani, saƙon gaisuwa ko addu'ar da ya yi a wurin suna. Sa ta a waƙa abu ne mai ƙarfi ƙwarai, don haka sai da izinin matansa, kuma a gaya wa kowa tun kafin ya saurara. Daƙiƙa goma sun isa, ba tare da kiɗa a ƙarƙashi ba. Kada kuma a yarda a ƙirƙiro muryarsa da manhaja a sa masa maganar da bai yi ba.

Kada ƙarar ƙarshe ta taɓa 0, a tsaya a -1 dB. Fitar da WAV na ajiya, da MP3 mai 192 kbps na rabawa, wanda zai kama kusan mega 7. Saurare shi a lasifikar ƙaramar waya, da rediyo mai cin katin memuwar, da cikin mota, domin a nan mutanenmu za su ji shi. Ka kwana, ka sake saurara da safe kafin ka ce an gama.

Gida ya fara ji

Kada ta fita ko'ina kafin Inna ta ji. Kuma ba a tura mata a waya ta buɗe ita kaɗai. Ƴarta ta kai mata, ta zauna kusa da ita, ta gaya mata abin da ke ciki, ta kunna in ta ce a kunna. Kai ka tsaya a waje. In ta ce a cire wani baiti, a cire, ko da shi ne wanda ka fi so. In ta ce ba yanzu ba, a jira.

Bayan ta amince, gidan ne zai faɗi iyakar inda za ta kai: zauren dangi kawai, ko Facebook da YouTube, ko gidan rediyo. A tuna cewa abin da ya shiga WhatsApp ba ya dawowa, gobe kana iya jin ta a shagon caji. In za a sa hoto, ya zama na lokacin da yake da lafiya, ba na gadon asibiti ba. Kada a kunna talla a kanta. In kuna tsoron wani ya ɗauka ya ce tasa ce, akwai hukumar kare haƙƙin mawallafa ta Nijar, BNDA, inda ake rajistar waƙa, amma ku fara rubuta a zaurenku wa ya yi baitoci, wa ya yi kari, wa ya kaɗa me, kowa ya amsa da "na yarda."

Ajiyar ta zama wuri uku: Google Drive, katin memuwar a hannun babban ɗa, da ƴar ma'ajiyar USB a wurin mai haɗawa, kowanne da fayilolin ɗaiɗai ba haɗaɗɗiyar kaɗai ba, don wata rana wani jika mai kayan aiki da suka fi naku zai so ya sake haɗawa. Saƙonnin muryar da dangi suka turo tun farko su ma a ajiye su a wuri guda, musamman na tsofaffi. Baitocin kuma a rubuta su a takarda da boko da ajami, a sa ranar rasuwarsa ta Hijira da ta Miladiyya, a ba kowane ɗaki na gidan kwafi ɗaya.